Baƙi nawa ƙaramin tsibiri zai iya ɗauka kafin ya lalace?

Tambaya: Ina yawan ganin tallan ƙananan tsibiran yankuna masu zafi, ga farin yashi, ga ruwa garau, ga kunkuru da kifaye kala-kala, kuma kowane otal cewa yake shi mai kare muhalli ne. Shin da gaske za a iya kawo masu yawon buɗe ido irin waɗannan wurare ba tare da an kashe abin da suka zo gani ba? In za a iya, ta ina ake farawa, kuma me ke fara lalacewa?

Amsa: Malam, za a iya, amma sai an tsaida adadin baƙi tun kafin a aza tubalin farko, kuma a ciro adadin daga abin da ya fi ƙaranci a tsibirin. Faɗin bakin teku da ƙarfin aljihun mai zuba jari ba su ne ma'auni ba. A yawancin ƙananan tsibirai abin da ke fara gazawa shi ne ruwan sha, sai kuma inda ruwan masai zai nufa. Murjani (ƙananan halittun teku da ke gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa) da kunkuru da tsuntsaye duk daga baya suke biyan kuɗin wannan gazawar.

Tsibirin da yashi da ɓaraguzan murjani suka gina ba shi da kogi, ba shi da tafki. Ruwan sama ne ke nutsewa cikin yashi ya taru a ƙarƙashi, ya zauna a kan ruwan gishiri kamar mai a kan ruwa, tunda ruwan gishiri ya fi shi nauyi. Lissafin masana ruwa ɗaya bisa arba'in ne: idan ruwan daɗi ya ɗara saman teku da santimita 25, kaurinsa a ƙasa zai kai wajen mita 10. Lissafin yana aiki ta baya ma, kuma nan ne gizo ke saƙar. Ka kafa famfo mai ƙarfi ya sauke ruwan rijiya da santimita 10 kacal, gishiri zai taso daga ƙasa da kusan mita 4 daidai ƙarƙashin rijiyar. Sai a wayi gari ruwa ya koma zartsi, na otal da na mutanen tsibiri baki ɗaya, itatuwa masu dogon saiwa su fara kaɗe ganye. Kafin ya dawo sai an bar shi damina ɗaya ko fiye. Shi ya sa ba a haƙa rijiya mai zurfi a irin wannan ƙasa. Ana shimfiɗa dogon bututu mai huji-huji a kwance, ƙasa kaɗan da saman ruwan, a riƙa yaɗe shi a hankali dare da rana da ƙaramin famfo. A sa mita a kan kowane famfo, a auna gishirin ruwan duk mako, kuma abin da ake ja a shekara kada ya kai rabin abin da ruwan sama ke mayarwa.

Baƙo kuwa yana cin ruwa fiye da yadda ake zato. Wani bincike da aka buga a 2001 kan gabashin Zanzibar ya gano baƙo ɗaya a otal na tashi da lita 685 a rana, alhali ɗan ƙauyen da ke makwabtaka da otal ɗin bai kai lita 50 ba. Ba wanka ke cinye yawancinsa ba. Ban-ruwan furanni da ciyawar ado ne, da tafkin ninƙaya, da wankin zannuwan gado da tawul. Gwada lissafi da rufin da ya kai murabba'in mita 100 a wurin da ake samun ruwan sama milimita 1,500 a shekara. In ka cire kashi 20 cikin ɗari na asara, za ka tara lita 120,000. A kan lita 685 wannan kwanan baƙo 175 ne kawai. A kan lita 150, wanda ya isa idan babu tafki babu lambun ado, kwana 800 ne. Adadin gadajen da ya dace yana fitowa daga irin wannan lissafin, kuma da shekarar fari ake yin sa, ba da shekarar da aka yi ruwa mai yawa ba.

Za ka ce ai akwai injin tace gishiri. Akwai shi, manyan otal-otal na Maldibs da shi suka dogara. Sai dai kowace lita 1,000 tana cin wutar da ta kai kilowat 3 zuwa 4 na awa ɗaya, kuma a tsibiri wutar yawanci daga janareton dizal take. Sama da rabin ruwan da injin ya zuƙo yana komawa teku, gishirinsa ya kusan ninka na asali. Da yake ya yi nauyi, kwanciya yake a ƙasa, don haka in aka sake shi a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa sai ya ƙone ciyawar teku. Bakin bututun ya kamata ya wuce gefen murjani zuwa inda ruwa ke gudu. Babbar illar injin ma ita ce yana cire birki: da zarar ruwa ya daina zama iyaka sai a yi ta ƙara ɗakuna, kuma duk litar da ta shiga otal sai ta fito a matsayin ƙazanta.

Sokawe ba ya aiki a yashin murjani. Ƙasar duk ƙofofi ce, abin da aka zuba yau yana iya isa rijiya ko bakin teku cikin kwanaki kaɗan. Murjani kuma halitta ce da ta saba da ruwa marar taki. Sinadaran naitirojin da fosfaras da ke cikin ruwan masai taki ne ga gansakuka, ita kuma tana girma da sauri ninkin-ba-ninkin fiye da murjani, ta rufe shi, ta hana 'ya'yansa wurin maƙalewa. Injin tace ƙazanta na yau da kullum yana kashe ƙwayoyin cuta ya rage wari, amma yana barin yawancin takin. Dole a ƙara matakin cire taki, ko a bi da ruwan ta fadamar da aka gina aka dasa wa tsirrai, sannan a yi ban-ruwa da shi nesa da gaɓa. Tsibirin Chumbe na Zanzibar, wanda aka ayyana murjaninsa a matsayin wurin kariya a 1994, ya bi gajeriyar hanya: ɗakuna bakwai kawai, kowanne yana tara ruwan sama daga rufinsa, masai kuma busasshe ne da ke mai da bahaya taki ba tare da ruwa ba. Boracay ta Filifin ta bi ɗaya hanyar. Tsibiri ne mai kusan murabba'in kilomita 10 da ya karɓi baƙi kimanin miliyan 2 a 2017, gine-gine da yawa suna sakin ƙazanta a magudanan da ke zuba a teku. A ranar 26 ga Afrilu 2018 gwamnati ta rufe shi tsawon wata shida, dubban ma'aikata suka zauna ba aiki.

Yashin da ake tallar kuwa ba ajiyayye ba ne, kullum yin sa ake yi, kullum kuma teku na kwashe wani. Akwai kifi mai baki irin na aku da ke yini yana kankare gansakuka daga jikin duwatsun murjani. Yana haɗiye dutsen tare da ita, ya niƙe shi da haƙoran maƙogwaro, ya kasayar da farin gari. Mai ninƙaya da ya natsu zai ji ƙarar kankarar ƙaras-ƙaras a cikin ruwa, ya kuma ga farin hazo na bin bayan kifin. A wasu tsibiran Maldibs an auna an ga mafi yawan sabon yashi daga cikin wannan kifin yake fitowa. Aikinsa biyu ke nan, sharar gansakuka da yin yashi. Otal ɗin da ke sayen sa daga masunta don gasa wa baƙi gaɓarsa yake ci. Belize ta hana kama shi a 2009, Bonaire, wani tsibiri a yankin Karibiyan, ta bi sahu a 2010. Abin da ya sami Jamaika darasi ne: an kame kifaye masu cin gansakuka, aikin ya rage a kan wata halitta mai ƙayoyi, cuta ta kashe ta a 1983 zuwa 1984, murjani mai rai ya faɗo daga kusan rabin ƙasan ruwan zuwa ƙasa da kashi 5 cikin ɗari.

Murjani lafiyayye yana karya kusan kashi 97 cikin ɗari na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. In ya mutu ya ruguje, zurfin ruwan da ke kansa ya ƙaru, igiya ta riƙa isowa da ƙarfinta. A nan masu otal kan ruga su gina katangar siminti, an gudu ba a tsira ba. Igiya tana dukan katanga ta koma da yashin da ke gabanta, gaɓar makwabci kuma ta zaizaye. A ƙananan tsibirai yashi yawo yake da sauyin iska, ya taru a wannan gefe rabin shekara, ya koma wancan a ɗaya rabin. Wanda ya auna fili sau ɗaya ya gina a kan abin da ya gani zai ɗauka teku ce ta ci masa ƙasa. A auna gaɓa duk wata na aƙalla shekara biyu, a yi gini a bayan layin tsirran da suka daɗe a wurin, kada a sare tsirran gaba don baƙo ya hango teku daga gado. Gadar sauka daga jirgi a ɗora ta a kan ginshiƙai yadda yashi zai wuce ta ƙasa.

Ciyawar teku ma takan sha tsangwama don wai tana ɓata launin ruwa a hoto, har otal-otal na tuge ta ko su binne ta da yashi. Ita ke riƙe ƙasan ruwa, ita ce abincin koren kunkuru, cikinta ƙananan kifaye ke girma. Haka itatuwan mangurof, masu tsirowa a cikin ruwan gishiri. Dashensu yakan mutu saboda ana kafa su inda teku ke rufe su fiye da kima. In an buɗe wa ruwa hanyarsa ta asali, sau da yawa da kansu suke dawowa.

Ɓarnar cikin ruwa ta fi fitowa daga anga, ƙarfen da ake jefawa don tsaida jirgi. Sarƙarta ce ma ta fi muni, domin duk juyawar iska sai ta share da'ira a kan murjanin da wani irinsa santimita ɗaya yake ƙarawa a shekara. Maganin shi ne maɗauri na dindindin: ƙarfe a kafe cikin dutse ko yashi, da igiya, da ƙwallo mai yawo a sama, sannan a hana jefa anga kwata-kwata, kamar yadda Bonaire ta yi a gandun tekunta da aka kafa a 1979. Binciken da aka yi a can ya nuna wurin nutso ɗaya yana fara nuna rauni in nutso ya haura 4,000 zuwa 6,000 a shekara, wato mutum 11 zuwa 16 a rana. Ɗan jagora ɗaya kada ya riƙe fiye da mutum shida, sabon shiga kuma a fara gwada shi a kan yashi.

Gaskiya guda da masu talla ba sa faɗi: duk wannan ba ya hana zafin teku. Idan ruwa ya ɗara zafinsa na ƙoli da digiri ɗaya ya daɗe makonni, murjani yana korar ƙananan halittun da ke ciyar da shi daga cikin jikinsa, ya yi fari fat, in zafin ya zarce ya mutu. A 1998 tsibiran tsakiya na Seshels sun rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na murjaninsu mai rai. Abin da kulawar cikin gida ke saya shi ne damar farfaɗowa, wadda ke ɗaukar shekara goma zuwa sha biyar inda ruwa ke da tsafta kuma kifi ya wadata. Inda taki ya yi yawa, gansakuka ce ke gaje wurin.

A tudu kuma babu abokin gaba kamar ɓera. Tsuntsayen tsibiri sun rayu dubban shekaru babu mai cin ƙwansu, da yawa a ƙasa suke sheƙa, ba su san gudu ba. Ɓera yana shigowa cikin buhunan abinci, da kayan gini, da kan igiyar ɗaure jirgi, kuma mace ɗaya mai ciki ta isa. Binciken da aka buga a 2018 kan tsibiran Chagos na Tekun Indiya ya kwatanta masu ɓera da marasa shi. Marasa ɓera sun ninka sauran yawan tsuntsayen teku sau ɗari bakwai da wani abu, nauyin kifin da ke murjanin gefensu kuma ya ɗara da kusan rabi, saboda kashin tsuntsaye na ciyar da ruwan daidai gwargwado. Tsibirin Guam na Tekun Pasifik ya rasa mafi yawan tsuntsayen dajinsa ga wani maciji da ya shigo cikin kayan soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tsibirin Frégate na Seshels ɓera ya shige shi a 1995, sai a 2000 aka iya kawar da shi.

Kawarwar tana da tsada kuma takan gaza a yankuna masu zafi. Ƙaguwoyin tudu suna cinye ƙwayar gubar da ake barbaza wa ɓera, ba ta yi musu komai, ɓera kuma bai samu ba. Kwakwa da 'ya'yan itace suna nan duk shekara, don haka yunwa ba ta tilasta masa cin ta. A tsibirin Henderson na Tekun Pasifik an yi yunƙurin a 2011, 'yan kaɗan suka tsira, cikin ƴan shekaru suka koma yadda suke. Rigakafi ya fi araha nesa ba kusa ba: mashiga ɗaya tak ga duk kaya, ɗaki rufaffe da ake kwance kowane ƙunshi a ciki, faifan ƙarfe a kan igiyoyin jirgi, tarkuna a mashiga da ɗakin girki da ake dubawa duk mako, babu shigo da ƙasa ko tsiro a tukunya, babu kyanwa. A gandun tsibirin Cousin na Seshels, wanda aka saya a 1968 don ceto wani ɗan tsuntsu da bai kai 30 ba a duniya, jirgin baƙi ba ya taɓa gaɓa. A kan ruwa ake sauya su zuwa kwale-kwalen gandun, shi ke hawa yashi da su. Tsuntsun yanzu ya haura 3,000 a tsibirai da dama.

Kunkurun teku fitila ce matsalarsa. Uwa tana binne ƙwai wajen 100 a yashi, su ƙyanƙyashe bayan kimanin wata biyu, yawanci da dare. 'Ya'yan suna bin inda sararin sama ya fi haske, wanda a gaɓa mai duhu teku ce. Farar fitila ɗaya a barandar otal ta isa ta juya su. Da safe sai a ga ƙananan sawu sun yi ta zagaye a gindin turken fitila, ƙaguwa da tsuntsaye sun gama da masu sawun. Fitilun da ke fuskantar gaɓa su zama ja ko ruwan goro, gajeru, a rufe ta gefen teku, tagogi kuma da labule. A kwashe kujeru daga yashi kafin magariba, kada mota ko injin shara ya hau gaɓa a lokacin ƙwai. Zafin yashi ne ke tsaida jinsi: wajen digiri 29 ana samun rabi da rabi, sama da haka mata ke rinjaya, don haka sare inuwar gaɓa ma illa ce. Gurbi ba a taɓa shi sai in teku za ta cinye shi, nan ma cikin awa 12 na farko kuma ba tare da juya ƙwan ba. Al'adar tsare 'ya'yan a baho don baƙi su sake su da rana a yi hoto, ni a ganina cutarwa ce da sunan taimako, domin suna ƙone ƙarfin da ya kamata ya kai su ruwa mai zurfi a yinin farko.

Ciyar da dabbobin daji don su matso ma a bar shi. Yana sauya yawonsu, yana saba musu da jirage masu farfela. Galapagos mita 2 ta gindaya tsakanin mutum da dabba. Batun man shafawa na kare zafin rana, wanda Palau ta hana wasu nau'o'insa a 2020, da daina tsinken roba na zuƙar lemo, abu ne mai kyau, amma ƙarami ne in aka ajiye shi kusa da bututun masai. Otal ɗin da ke alfahari da tsinken takarda, tambaye shi ina ruwan bayinsa ke zuwa.

Iyakar baƙi tana aiki ne kawai inda ake iya ƙirga ta a ƙofa. Malesiya ta fitar da duk masaukai daga tsibirin Sipadan a ƙarshen 2004, ta koma ba da takardar izini 120 a rana a shekarun da suka biyo baya. Gaɓar Maya ta Tailan, wadda a da take karɓar har mutum 5,000 a rana, an rufe ta a Yunin 2018, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, da sharaɗin jirgi ba zai shiga cikinta ba. Kifayen shak da suka ƙaurace sun dawo a lokacin rufewar. Kuɗin shiga ma hanya ce: Palau tana karɓar dala 100 daga kowane baƙo tun 2018, Galapagos ta ɗaga nata daga dala 100 zuwa 200 a Agustan 2024. Sai dai kuɗin da ya faɗa babban asusun gwamnati da wuya ya dawo ya sayi man jirgin sintiri. A ware shi da doka, a riƙa bayyana yadda aka kashe, a kuma ajiye na shekara ɗaya a gefe, domin a 2020 an ga yadda sintiri ya tsaya a wurare da dama ranar da baƙi suka daina zuwa.

Masunta kuwa in an hana su wuri ba a ba su komai ba, da dare za su shiga, kuma ba za ka ga laifinsu ba. A tsibirin Apo na Filifin mutanen wurin ne da kansu suka keɓe wani yanki na murjaninsu a 1982, da taimakon masana daga Jami'ar Silliman. Kifi ya yawaita a ciki ya malalo waje, kamun da ake yi a gefen ya inganta, kuɗin masu nutso kuma yana shiga hannunsu.

Lasisin kowane otal ya ƙunshi ma'aunai da aka rubuta tun farko, tare da abin da zai biyo baya in an ƙetare su: gishirin rijiyoyi duk mako, taki da ƙwayoyin cuta a ruwan gaɓa duk wata, faɗin yashi a turaku tsayayyu duk wata, yawan murjani mai rai da gansakuka a layuka tsayayyu sau biyu a shekara, adadin gurabun kunkuru da na 'ya'yan da suka ɓata hanya. Mai aunawa kada ya zama ma'aikacin otal. Hukuncin kuma ya zama rage gadaje ko rufe wurin nutso na wani lokaci, domin tarar kuɗi mai otal cikin farashin ɗaki yake zuba ta ya ci gaba da harkarsa.